Kafin Ka Taya Injin Zarto Na Tebur

Jama'a, wannan shafi ya saba da zancen gero da dawa da wake da riɗi, amma yau katako za mu taɓa, kuma da dalili. Kowace shekara in an fitar da abin da aka ajiye tun kaka, kuɗi ya shigo hannu, sai ka ga abokan sana'armu suna neman abin da za su kafa 'ya'yansu ko ƙannensu da shi. Wani ya sayi babur mai ƙafa uku, wani keken ɗinki. Wani kuwa yaronsa ya shekara biyar ko shida a gaban kafinta, an yaye shi, yana son nasa shago, kuma abin da zai fara roƙo shi ne injin zarto na tebur. Uban ya san hatsi ciki da bai, ya damƙi masara ya gaya maka ko ta bushe, amma in an kai shi gaban inji sai ya koma baƙo, wanda ya fi ƙyalli ko wanda mai kanti ya fi yabo shi zai ɗauka. Alhali kuwa ribar shekara ce za a zuba, ga kuma yatsun yaro da za su wuni kusa da ƙarfe mai juyawa.

Ba manyan injunan nan na 'Yan Katako da ke Na'ibawa nake nufi ba, masu tsaga gungume su fid da falanki. Ba kuma irin wanda mai walda ke haɗawa da mota da bel da tebur na baƙin ƙarfe ba, ko da yake shi ma yana ci da mutane da yawa a aikin rufi. Wanda nake nufi ƙarami ne, mutum ɗaya ko biyu sa ɗauke shi, faifan zarto ya leƙo ta tsakiyar tebur, ana tura masa katako. Aikin da nake nufi kuma shi ne na ƙwarai: durowa, ƙofar kabad, firam ɗin madubi, akwatin sarƙa, kantar littattafai, kayan ɗakin amarya. Watau aikin da in an yi kuskuren milimita ɗaya, durowa ta ƙi rufuwa, mai kaya ya gani.

To, ga maganar da na fi so ka riƙe. A wurinmu 'yan hatsi ba a tambayar kyan kwanon awo, abin da ake tambaya shi ne ko mudun safe shi ne mudun yamma. Injin nan ma yana da mudunsa. Shi ne dogon ƙarfen nan da ke kwance a gefen faifai, wanda katako ke jingina da shi yana wucewa. Kafintoci na ce masa fens, ni jagora zan kira shi. Lambar wat da aka buga baro-baro a jikin kwali, 1,800 ko 2,000, ita mai kanti zai fara nuna maka, amma kusan duk injunan nan ƙarfinsu ɗaya ne, tsakanin wat 1,500 da 2,100 suke. Inda suka bambanta shi ne jagora. In jagora na rawa, ko kuwa in an kulle shi bakinsa na can baya ya karkata, to ko da wat dubu goma ne karkataccen katako zai fito. Yaro ya yanka ƙafar tebur huɗu, kowace da nata faɗi, ya koma yana gyara da hannu, gara ma da bai sayi injin ba.

Jagora iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda ke kama gaban tebur kaɗai, bayansa a sake. Akwai kuma mai kama gaba da baya, wanda ake tafiyar da shi da ɗan murɗi, haƙoran ƙarfe na ƙasa suna jan gefen biyu tare. Irin wannan na biyu shi ne a jikin na DeWalt, kuma shi ya ɗaukaka sunansu wurin masu ƙananan shaguna. Ban ce lalle sai shi ba. Akwai Bosch, akwai Makita, akwai masu sauƙin kuɗi irin su Ingco da Total da suka cika kantuna. Kowanne aka nuna maka, gwajin ɗaya ne, kuma ba ya bukatar wuta. Ka kulle jagora, ka sa babban yatsa a can ƙarshensa na baya ka tura. In ya motsa, ka ce a kawo wani. Sa'an nan ka kwance, ka ja shi can nesa, ka komo da shi lamba ɗaya, ka kulle, ka auna da tef. Yi haka sau biyar. Wanda ya ba ka awo ɗaya sau biyar, wannan mudu ne na gaskiya.

Daga nan sai faifai da tebur. A saman tebur akwai ɗan kwari doguwa da aka sassaƙa daga gaba zuwa baya, inda ma'aunin kwana ke gudu. Dole faifai ya yi daidai da wannan kwari, jagora kuma ya yi daidai da su biyun. Yadda ake dubawa: a cire waya daga bango tukuna, a ɗago faifai har ƙarshe, a sa wa haƙori ɗaya alama da alli, a auna daga kwarin zuwa haƙorin yana gaba, a juya faifai haƙorin nan dai ya koma baya, a sake aunawa. In akwai ɗan bambanci ba abin tashin hankali ba ne, muddin akwai notin da ake sassautawa a daidaita. Abin tambaya ke nan, shin ana daidaita shi? Injin da aka ɗaure motarsa ba wurin gyara, yadda ya zo haka zai mutu. Tebur kuma na alminiyom ne a kusan dukkansu, don haka ka aza doguwar rula ta ƙarfe a kai, tsaye da kwance da kwana-kwana, ka duƙa ka duba ko haske na wucewa ta ƙasa. Ka kama faifai ka jijjiga gefe da gefe. In yana ƙas-ƙas, boris ya tafi ko sandar ta lanƙwashe.

In mai kanti ya yarda a kunna, ga gwajin da wani tsohon kafinta ya nuna mini, na kuwa ji daɗinsa don ba ya son kayan aiki. A yanka guntun katako mai kauri gida biyu, a kifa ɓari ɗaya, a haɗa bakunan a bisa tebur. In faifai na tsaye cak, za su haɗu kamar ba a yanka ba. In ya ɗan kwanta, kuskuren zai ninka biyu, ka ga tsaga da idonka.

Girma kuwa aikin yaro ne zai faɗa. Mai faifan milimita 210, kamar DWE7485 na DeWalt, yana cin kaurin milimita 65, nauyinsa kilo 22, jagoransa na buɗewa har milimita 610. Wannan lamba ba banza aka zaɓe ta ba. Fallen filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, watau milimita 1,220 da 2,440, rabin faɗinsa ke nan 610. Babban wansa DWE7492 faifansa 250, yana cin milimita 77, yana buɗewa har 825. Bosch GTS 10 XC faifansa 254, yana cin 79, amma kilo 35 ne, ba na yawo da shi kullum ba ne. Katako mai inci biyu ƙaramin ya ishe shi. Wanda zai riƙa yin ƙafar gado ko ta tebur mai inci uku, sai babban. A ganina mai aikin durowa da kabad da firam ya ɗauki ƙaramin, rarar kuɗin ya sa a faifai mai kyau.

Domin faifan da ke zuwa cikin kwali na aikin gini ne, haƙoransa 24 galibi, tsaga yake yi da sauri ba ruwansa da kyau. Shago mai aikin ƙwarai faifai biyu yake so tun ranar farko. Mai haƙora 24 don tsaga katako ta tsawonsa, da mai haƙora 60 zuwa 80 don yanka ta gicciye da filawud da allon nan mai fuskar roba da ake kabad ɗin kicin da shi, wanda bakinsa ke ɓarewa in haƙora sun yi gwari-gwari. In aljihu bai kai ba, mai 40 ko 48 ya tsaya tsakani. Duk su zama masu ɗan farin ƙarfe mai tauri a bakin haƙori, waɗanda ake kai wa mai wasa ya wasa da inji.

Bari in yi muku lissafi irin namu, don na lura kafintoci ba su cika yinsa ba. Duk inda faifai ya bi, kaurinsa na katako ya zama gari. Falanki mai inci 12 milimita 305 ne in ya cika. Ka ce za a tsaga shi sanda-sanda, kowace milimita 25. Faifai mai cin milimita 3.2 sanda 10 zai ba ka, ta goma sha ɗaya ba za ta cika ba. Siririn faifai mai cin milimita 2 sanda 11 zai fitar daga falankin nan dai. A falanki goma ka tsira da kusan falanki guda. In madaci ne ko kawo, wannan kuɗi ne. Tamkar tsabar da ke zuba a bakin buhu ce, wadda mai awo ba ya gani sai an share rumfa da yamma. Amma fa siririn faifai yana lanƙwasa in an matsa masa a katako mai tauri, sai an bi shi a hankali.

Yanzu maganar wuta, inda aka fi yin asara. Wutarmu a Nijeriya da Nijar bolt 220 zuwa 240 ce. Ta Amurka 120 ce. Injunan gwanjo da yawa daga can suke, kuma sau da yawa su ne suka fi kyan gani da araha. Wanda ya soka irin wannan a bango kai tsaye, ƙauri zai ji, kwayil ya tafi. Akwai kuma na Ingila masu filogi ruwan ɗorawa mai zagaye, waɗanda 110 ne, na ma'aikatan gini. Duk biyun sai da taransifoma, kuma ba 'yar ƙaramar nan ta rediyo ba. Injin Amurka na jan amfiya 15, watau wat 1,800, saboda haka taransifomar ta kai wat 3,000 ko fiye, a lissafa kuɗinta cikin ciniki tun kafin a taya. Wani abu kuma, ramin tsakiyar faifan Amurka kusan milimita 16 ne, na Turai 30. Faifan Turai na hawa injin Amurka in an sa masa ɗan zobe, amma na Amurka ba ya hawa na Turai ko kusa. Karanta ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin inji, kada ka tsaya ga bakin dillali.

Cin wutarsa ba shi da yawa. Inji mai wat 1,850 in ya yi awa guda cur yana ci, bai cika yunit biyu ba. A kuɗin da aka yanka wa 'yan layin Band A cikin watan Afrilu na 2024, Naira 225 kowane yunit, abin bai wuce Naira 420 ba, kuma ba mai barin faifai na juyawa awa guda ba hutu. Wahalar tana wajen tashi. Motar waɗannan injuna irin mai gawayi ce, lokacin da aka danna ta tana fizgar wuta ninkin abin da take ci in ta daidaita. Ƙaramin janareta na kallon talabijin ko motsa ta ba zai yi ba. Masu gyara sun fi ba da shawarar mai kVA 3.5 zuwa sama, da waya mai kauri, 2.5, gajera. Siririyar waya mai tsawo tana rage ƙarfin wuta, mota ta yi ta gurnani tana zafi har ta ƙone. Waɗansu injuna, kamar Bosch ɗin da na ambata, suna tashi sannu-sannu, janareta ya fi jin daɗinsu.

Ga kuma abin da ya shafe mu fiye da Turawan da suka ƙera injin. Mu a nan ana ɗauke wuta ba sallama, a kawo ba sallama. Yaro na cikin yanka wuta ta tafi, ya sa hannu zai zare katako ko ya share gari, wuta ta dawo. In makunnin irin na fitila ne, faifai ya tashi da hannunsa a kai. Akwai makunni mai maganaɗisu wanda da zarar wuta ta yanke yake sakin kansa, ba ya komawa sai an sake dannawa. Gwada shi a kanti: kunna, zare filogi daga bango, jira faifai ya tsaya, mayar. In ya tashi da kansa, ko dai ka bar shi, ko ka kai wa mai gyaran lantarki ya sa masa irin wancan makunni kafin ya shiga shago. Wannan kam ba na sassauci a kansa.

Bakin faifan nan yana iya gudun fiye da kilomita 200 a awa. Hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarar 2015 kaɗai sama da mutum 30,000 aka kai asibiti don faifan injin tebur ya taɓa su, dubbai daga ciki sun rasa yatsa. Can ke nan, inda inji ke zuwa da murfinsa. Yawancin ɓarnar daga abin da zan kira harbi take farawa, don da harbin jaki ya yi kama. Katako ya matse bayan faifai, haƙoran baya da ke tasowa su ɗauke shi su jefo wa mai turawa a ciki ko a fuska, wani lokaci su ja hannunsa zuwa kan faifai. Maganinsa wata lanƙwasasshiyar wuƙa ce marar kaifi da ke tsaye daf da bayan faifai, tana hawa da sauka tare da shi, tana hana tsagar rufewa. Tsofaffin injunan gwanjo da yawa ba su da ita, waɗansu kuma an kwance an yar. Injin da ba shi da wannan wuƙa, da murfin faifai, da sandar turi, kaya ne da bai cika ba, a rage kuɗi ko a nemo su. A lura kuma, in an sa siririn faifai, tsagar da yake yi ta fi wuƙar faɗi, in ba haka ba katako zai cije a kanta.

Akwai wani inji da wani Ba'amurke, Steve Gass, ya ƙirƙiro dabararsa a 1999, sunansa SawStop. Yana sakin 'yar wuta kaɗan a jikin faifai, da fatar mutum ta taɓa sai wani dunƙulen alminiyom ya faɗa cikin haƙora, faifai ya tsaya ya nutse ƙasa cikin kashi 5 bisa 1,000 na sakan. Abin mamaki ne ƙwarai. Sai dai kowane tsayawa sai an sake dunƙulen, galibi har da faifai, ɗanyen katako ma yana iya tayar da shi, kuɗinsa kuma ya ninka na sauran. Mai ƙaramin shago a Kano ko Maraɗi ya dogara ga wuƙar baya da sandar turi da tarbiyyar da ya samu wurin maigidansa. Kada a tsaya saitin faifai, a ɗan goce gefe. Ba a sa safar hannu. Babbar riga da hannun kaftani mai faɗi a rataye su a ƙusa kafin a kunna. Ba a yanka gicciye da ma'aunin kwana alhali ƙarshen katakon na goge da jagora, nan ne harbi ya fi zuwa.

Katakon kansa yana da hannu a ciki. Mafi yawan abin da ake aiki da shi daga kurmi yake zuwa, ta wajen Edo da Ondo da Kuros Riba, da damshinsa. Mun san masara ba ta shiga rumbu sai ruwanta ya sauka wajen kashi 13 cikin ɗari. Katakon kayan ɗaki ya fi haka son bushewa, musamman a ƙasarmu da hunturu ke tsotse kome. Ɗanyen falanki in ana tsaga shi yana murɗewa ya cije faifai, in ma an gama lafiya, kabad ɗin da aka haɗa da damina ya buɗe baki a watan Janairu, a ce inji ne bai yanka daidai ba. A jera falanki a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, iska na ratsawa, a ba shi lokaci. Loko, wanda 'yan kurmi ke kira iroko, wani sa'i yana da dutse a cikinsa mai dakushe haƙori. Garin mansoniya yana sa atishawa da haɓo da jiri, a rufe hanci. Tsohon katakon rufi kuwa a bincike ƙusa tukuna, ƙusa ɗaya ta isa ta karya haƙora uku.

Shago mai ƙafa 10 da 12 ba ya ɗaukar tsagar falanki mai ƙafa 12, don ana son tsawonsa a gaba da tsawonsa a baya, kusan ƙafa 25 ke nan. Amfanin ƙaramin inji ke nan, a fito da shi rumfa da safe, a mayar a kulle da magariba. Yaro ya ƙera masa gindi mai nauyi da ba ya rawa, da wani tebur a baya daidai tsayinsa mai karɓar katako. Cikakken fallen filawud kuma kada ya ce zai ɗora shi a kan ɗan teburin nan shi kaɗai, ya fara rage shi a ƙasa da zarton hannu mai lantarki. Ma'aunin kwanan da ke zuwa da injunan nan kusan duka sako-sako ne, kowane kafinta mai son aikinsa yana ƙera nasa akwatin turi da filawud mai gudu cikin kwarin tebur, aikin yini ɗaya ne.

Farashi ban rubuta ba da gangan, ko da yake takardar farashi ce wannan. Kayan nan dala suke bi. Kafin watan Yuni na 2023 dalar gwamnati wajen Naira 460 take, zuwa Fabrairu na 2024 ta haura 1,500, kowane kwali da ke kanti ya tashi tare da ita. Lambar da na rubuta yau ta iya zama ƙarya kafin takarda ta iso hannunka. A taya a wuri uku, Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ga na Kano, Panteka ga na Kaduna, kasuwar Katako ga na Yamai, kuma a tafi da kafinta, ba dillali kaɗai ba, don shi la'adarsa yake kallo. Jabu ya yi yawa, launi ɗaya suna ɗaya, sai an ɗaga a ji ba nauyi, rubutun allon ƙarfe kuma yana gogewa da yatsa. A kasafta kuɗin kashi-kashi tun a gida: na inji, na faifai biyu, na waya da makunni, da na taransifoma in ta kama.

Tambaya ta ƙarshe ga mai kanti ita ce ta kayan gyara. Gawayin mota yana cinyewa, ƙurar hunturu da garin katako suna gaggauta shi, sai an riƙa hure motar duk mako. Ka ce ya nuna maka gawayin wannan inji a hannu, da boris ɗinsa, ya kuma faɗa maka mai naɗa kwayil ɗinsa a garin. In na gwanjo ne, a kunna shi ya yi minti biyar, a leƙa ta ramukan iska. Ɗan tartsatsi kaɗan ba kome. In wuta na zagaye cikin motar kamar zobe, ko ana jin ƙaurin roba, to a mayar masa da kayansa. In an daidaita, a sayi gawayi biyu na ajiya a ranar, a rubuta lambar injin a jikin rasit.